Gadar Ndar mai juyawa: me ya sa aka yi ta haka, me ya sa ta daina buɗewa

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa a Yauri ya san gada da jirgi ba su cika jituwa ba. In aka kafa gada, ɗan fito ya rasa abincinsa. In kuma aka yi ta ƙasa-ƙasa, babban jirgi ya rasa hanyarsa. Shi ya sa ranar da na dawo daga Senegal na ce wa kawuna na taka wata gada da ke juyawa ta ba jirgi hanya, sannan ta koma mazauninta motoci su ci gaba da wucewa, sai ya ajiye tarun da yake gyara ya zuba mini ido. Ya fi shekara arba'in yana tuƙi tsakanin gungu da gungu, babu maganar ruwa da za ta wuce shi bai tanka ba.

"Kai ɗana, ta ƙarfe ta ko ta katako?"

"Ta ƙarfe ce, Kawu. Tsawonta ya ɗara rabin kilomita."

"To wa ka tura ta?"

Nan na tsaya, don ban ga buɗewarta da idona ba, ginshiƙin da take juyawa a kansa kawai na gani. Tambayar nan tasa ce ta sa na koma na bi tarihin gadar daga tushe. Da na shiga ciki sai na tarar akwai tambayar da ta riga tasa, wato me ya sa tun farko aka ga dole gadar ta motsa.

Sunan garin a takarda Saint-Louis, amma mutanensa Ndar suke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Yana arewacin Senegal, dab da iyakar Mauritaniya, tafiyar kilomita kusan 260 daga Dakar. Maulidin Kaulaha ne ya kai ni ƙasar. Da aka watse, ni da abokan tafiyata biyu muka ce ba za mu juya gida ba sai mun ga inda kogin Senegal ke haɗuwa da teku. Zaman garin kashi uku ne. Akwai Sor ta gabas, inda hanyar mota ke isowa. Akwai tsibiri a tsakiyar kogi, siriri, tsawonsa kamar kilomita 2, faɗinsa bai wuce mita 400 ba, nan ne tsohon gari da gidan gwamna da manyan shagunan fatake na da. Sai wani dogon harshen yashi ta yamma da ya raba kogi da Tekun Atlantika, inda unguwar masunta ta Guet Ndar take, cike maƙil da manyan kwale-kwale masu fenti kala-kala waɗanda namu na kogin Kwara ba su kai rabinsu ba. Babban reshen kogin yana tsakanin Sor da tsibiri, kuma a kansa gadar take, wadda ake kira gadar Faidherbe.

Da hantsi na tsallaka ta da ƙafa, ta gefen da aka ware wa masu tafiyar ƙasa. Gaɓa bakwai gare ta kamar karan rake, ƙarafa sun sarƙe sun yi rumfa a sama, motoci da keken doki na wucewa ta tsakiya, ƙarfen yana amsawa a tafin ƙafarka. Sai da na kusa tsibiri na lura gaɓa ta biyu daga can ta bambanta da sauran. Kowace gaɓa a kan ginshiƙi biyu take zaune, ɗaya a kowane baki. Ita wannan tana da wani ƙaton ginshiƙi kewayayye a daidai cibiyarta, kamar an kife turmi a cikin ruwa an ɗora mata. Wani matashi almajiri da muka yi magana da shi da ɗan Larabcin da ya haɗa mu ya nuna mini tsagar da ke kan titi, inda gaɓar ke rabuwa da 'yan uwanta. Ya ƙara da cewa mutumin da ya gina hasumiyar Paris, Eiffel, shi ya ƙera ta. Zan dawo kan wannan magana, don ba haka take ba.

Faransawa sun kafa Ndar a 1659, kuma ba don kyan wurin ba. Tsibiri ne marar ruwan sha mai daɗi, ga sauro, ga ambaliya. Abin da suke so shi ne bakin kogin, domin duk dukiyar cikin ƙasa ta nan take gangarowa: ƙaro daga dazukan gefen Sahara, fatu, zinariya daga can sama, da bayi har zuwa lokacin da Faransa ta haramta bauta a 1848. Ƙaron nan da muke gani a jikin itacen dakwara muna wucewa, shi ne ya riƙe garin shekaru aru-aru, saboda masaƙun Turai na buƙatarsa wajen buga zane a tufafi. Da damina ta kankama ruwa ya cika, jirage kan hau kogin su yi ta tafiya har Kayes a ƙasar Mali ta yau, nisan fiye da kilomita 900, su sauko da kaya kafin ruwa ya janye. Kogin shi ne titin garin, shi ne kasuwarsa.

Shi ne kuma hanyar yaƙinsa, kuma a nan labarin ya taɓo gidanmu. Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato bayan dawowarsa daga Makka, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma yamma bayan rasuwar Bello a 1837, daga baya ya ɗaga tutar jihadi. A 1857 rundunarsa ta kewaye sansanin Faransawa na Madina kusa da Kayes, tun daga watan Afrilu. Mutanen ciki sun kai maƙura, abinci da harsashi sun ƙare. Abin da ya cece su ruwa ne. Da kogi ya fara cika a watan Yuli, gwamnan Ndar na lokacin, Louis Faidherbe, ya taso da sojoji a jiragen tururi ya iso ya karya kewayen. In ka riƙe wannan a zuciya, sauran bayanin zai zo da sauƙi. Gwamnan da ya san cewa mulkinsa a cikin ƙasa ya rataya ne a kan jirgi ya iya hawa kogi a ranar da ake buƙata, ba zai taɓa yarda a gicciya masa ƙarfe a toshe hanyar ba, komai matsuwar masu tsallakawa.

Su kuma masu tsallakawar sun matsu ƙwarai. Tsibirin ya cika, abinci da itace da dabbobi duk daga Sor suke zuwa. An fara da jirgin fito a 1858, bai wadatar ba. A 1865 aka buɗe gada ta farko, wadda ba a kafa ta a kan ginshiƙai ba. Jera kwale-kwalen ƙarfe aka yi, aka ɗaure su, aka shimfiɗa katako a kai, aka bar wani sashe da ake kwancewa a ja shi gefe in jirgi zai wuce. Ita aka fara sa wa sunan Faidherbe. Ta yi aiki shekara 32, amma kowa ya san halin abin da ke yawo a kan ruwa: siririya ce, tana hawa tana sauka da ruwa, katako na ruɓewa, ambaliya na jijjiga ta. Da layin dogo daga Dakar ya iso a 1885, tasharsa kuwa a Sor aka yi ta, sai kaya da mutane suka ninka, gadar katako ta kasa.

To, ga matsalar da ke gaban injiniyoyi. Ana son hanya mai ƙarfi ta dindindin, ana kuma son jirgi mai dogon bututun hayaƙi da dogayen sandunan tufa ya wuce. Hanya mafi sauƙin tunani ita ce a ɗaga gadar sama sosai jirgi ya bi ta ƙarƙashi. Amma gada mai tsayi tana bukatar doguwar gangara a kowane baki, don doki da amalanke su iya hawa. Tsibirin da faɗinsa bai wuce mita 400 ba, kuma shimfiɗe yake daf da ruwa, ina za a sa gangarar? Sai dai a rushe rabin gari. Saboda haka dole gadar ta zauna ƙasa, wani yankinta ya riƙa kaucewa.

Dabarun kaucewar ba su da yawa, kuma biyu daga ciki duk manomin fadama ya san su ko da bai taɓa ganin teku ba. Ta farko jigo ce. Yadda ake ɗaura dunƙulen laka ko dutse a gindin sandar jigo don guga cike da ruwa ya taso da ɗan taɓawa, haka ake sa ƙaton nauyi a bayan fallen gada, ya ɓuya a cikin ginshiƙi, fallen ya tashi sama kamar murfin akwati. Shahararriyar gadar Landan mai hasumiya biyu, wadda aka buɗe a 1894, irin wannan ce, kowane falle ya haura tan 1,000 amma yana tashi cikin 'yan mintoci. Akwai kuma wadda ake ɗaga gaɓar gaba ɗayanta a miƙe tsakanin hasumiya biyu, kamar mutum biyu su ɗaga katako daga baki da baki. Ta Ndar ita ce ta uku, mai juyawa, kuma asalinta ma'auni ne. Ka ɗora sanda a kan yatsa daidai tsakiyarta, nauyin dama ya soke na hagu, iska ma sai ta juya ta. Gaɓar da ke juyawa a Ndar ta haura mita 70, amma da yake rabi na riƙe da rabi, ba ɗaga ta ake yi ba, gusar da ita kawai ake yi.

A irin wannan gada, saman ginshiƙin tsakiya akwai zoben ƙarfe kewayayye, a kansa akwai ƙananan tayoyin ƙarfe da gaɓar ke zaune a kai, a gefensa kuma haƙora irin na giyar mota. In za a buɗe, sai a tsayar da masu wucewa a rufe shinge. Sannan a zare wasu ƙarafa masu kama da weji da ke tokare da bakunan gaɓar biyu, waɗanda su ne ke hana ta rawa in mota ta hau. Da an zare su, gaɓar ta koma tana reto a kan cibiyarta kaɗai. Sai a murɗa ƙaramar giya da ke cizon haƙoran zoben, gaɓar ta fara tafiya a hankali har ta miƙe ta bi tsawon kogi, hanya ta buɗe dama da hagun ginshiƙi. Gadoji da yawa na wancan zamani da hannu ake murɗa su, mutum kaɗan su kama mariƙi su yi ta zagayawa kamar masu niƙa. Wannan ita ce amsar kawuna: nauyinta ne ke riƙe da kansa, abin da ya rage ɗan ƙarfi ne na hannu ko na ƙaramin inji. Ga garin da ke nesa da masana'antun Turai, inda in inji ya lalace sai an jira jirgi ya kawo kayan gyara, wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Tana da nata aibin. Ginshiƙin tsakiya yana zaune ne a daidai inda ruwa ya fi zurfi, ya raba mashigar biyu, matuƙi sai ya yi hattara kada ya goge shi. Buɗewa da rufewa na cin lokaci. Duk bututun ruwa ko wayar wuta da aka ratayo a jikin gada sai an san yadda za a yi da su a wurin tsagar. Ƙarfe kuma yana miƙewa da zafin rana, in ba a bar masa sarari daidai ba bakin gaɓar ya cije. Babban abokin gaba dai shi ne gishiri. Ruwan da ke ƙarƙashin gadar Ndar gauraye yake da na teku, iskar ma gishiri take ɗauke da shi. Gada mai motsi kamar keken ɗinki take, tana son mai, tana son a riƙa taɓa ta. In aka bar ta shekara da shekaru ba a juya ba, tsatsa ta haɗe tayoyi da zobe su zama abu ɗaya.

An buɗe gadar ƙarfen a ranar 14 ga Yuli 1897, a watan Oktoba kuma ministan Faransa mai kula da ƙasashen mulkin mallaka, André Lebon, ya zo aka yi bikin a hukumance. Tsawonta mita 507, nauyin ƙarfenta wajen tan 1,500. Kamfanin da ya yi aikin sunansa Nouguier, Kessler et Cie. A nan ne maganar almajirin nan ta samo asali, domin Émile Nouguier injiniya ne da ya yi shekaru a kamfanin Eiffel, yana cikin mutum biyu da suka fara zana hasumiyar Paris a 1884, kafin ya fita ya kafa nasa. Hannu ɗaya ne ya koyar da su, shi ya sa saƙar ƙarfen ta yi kama. Akwai ma wani labari da ake bai wa baƙi, cewa wai don kogin Danub na Turai aka ƙera gadar, aka yi kuskure ko aka fasa, aka kawo ta Senegal. Wannan tatsuniya ce. Majalisar mulkin Senegal ta lokacin ce ta ci bashi, aka nemi 'yan kwangila, aka zaɓi wannan kamfani, aka auna gadar da faɗin wannan kogi. Ina ganin gyara wannan magana ya dace, domin bashin da aka ci daga harajin mutanen ƙasar aka biya shi. Mai gyaɗa da mai ƙaro da masunci su suka saya, bai kamata a mayar da ita kyautar da ta ɓace hanya ta faɗo musu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne, a lokacin da ake ɗaura ƙarafan, dalilin yin gaɓa mai juyawa ya riga ya fara gushewa. Bakin kogin Senegal yana da tulin yashi a ƙarƙashin ruwa da ke sauya wuri, manyan jirage kan yi kwanaki a teku suna jiran ruwa ya ba su dama, wasu su kafe. Jiragen duniya kuma sai ƙara girma suke. Dakar tana da mashiga mai zurfi da ba ta da wannan ciwo. Gyaɗa ta karɓe kasuwa daga hannun ƙaro, gonakinta kuwa suna kudu, wajen Kayor da Kaulaha, inda jirgin ƙasa ke kwasa ya kai tashoshin teku na Rufisque da Dakar. Layin dogon da aka yi murnar isowarsa Ndar a 1885, shi ya zama bututun da ke zuƙe cinikinta. A 1895 Ndar ce hedikwatar duk ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma. A 1902, shekara 5 kacal bayan buɗe gadar, aka mayar da hedikwatar Dakar. A 1924 aka kammala dogon da ya haɗa Dakar da Kayes har Bamako, kayan Mali suka daina bukatar kogi. A 1957 aka yanke shawarar ɗauke babban birnin Senegal ma. Bayan 'yancin kai titunan kwalta suka bi gefen kogi, babbar mota ta ƙarasa abin da jirgin ƙasa ya fara.

Haka ma'aunin ya karkata. Da can masu ƙafa da amalanke ke tsayawa su jira jirgi, kuma babu mai ganin laifi, don jirgin ne ya kawo abin da za su ci. Da jirage suka ƙaranta, motoci suka yawaita, sai buɗe gadar ya zama damuwa: a tsayar da gari guda saboda jirgi ɗaya. Ana rage buɗewa, ƙarfe na ƙara cijewa, yana ƙara cijewa ana ƙara jin tsoron a buɗe ta ƙi rufuwa, tsibiri ya yanke daga duniya. A Landan doka ce ta hana hakan faruwa, domin tun farko an rubuta cewa jirgi ke da fifiko. Har yau in ka ba da sanarwar awa 24 za a ɗaga maka gadar kyauta, kuma a 1997 an ɗaga ta a kan lokacinta saboda wani tsohon jirgin dako, ayarin motocin shugaban Amurka Bill Clinton ya rabu biyu, ya tsaya ya jira. Inda babu irin wannan doka da ake aiki da ita, mai yawa ne ke cinye hanya.

Juyin ya zo wa Ndar ta inda ba a zata ba. A 2000 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, idanu suka dawo kan gadar, aka ga yadda tsatsa ta ci ta. A 2005 wani tsohon jirgi mai suna Bou el Mogdad ya dawo gida. A Holan aka ƙera shi a 1950, ya yi shekaru yana kai wasiƙu da kaya da fasinja garuruwan bakin kogi kafin titi ya kore shi. Don ya shiga sai da aka juya gaɓar bayan dogon lokaci tana kulle, jama'a suka cika bakin ruwa suna kallo. Yanzu masu yawon buɗe ido yake ɗauka tsakanin Ndar da Podor. Daga 2008 zuwa 2011 aka yi babban gyara da kuɗin gwamnatin Senegal da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Gyaran kuwa ba fenti ba ne. Gaɓoɓin aka riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya ana sa sababbi masu siffar na da, aka buɗe ta a watan Nuwamba 2011 zamanin shugaba Abdoulaye Wade.

Wasu na cewa in haka ne ai gadar 1897 ta tafi, wannan kwaikwayo ce. Ni ban bi su ba. Gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe kowace shekara, bayan ƙarni guda da wuya ka sami laka ɗaya ta asali a fuskarsa, amma babu mai cewa ba gidan kakansa ba ne. Abin da na fi yaba wa masu gyaran shi ne ba su toshe gaɓa ta biyu ba. Ya fi arha a kafe ta a huta, tunda jiragen da ke bukatarta ba su taka kara sun karya ba. Suka sake ƙera ta mai juyawa. Da sun kafe ta, da an yanke hukunci a madadin jikokin da ba a haifa ba cewa babban jirgi ba zai sake hawa kogin Senegal daga teku ba, alhali madatsar ruwa ta Diama da aka gama a 1986, can sama da garin, an yi mata mashigar jirgi.

Sunan gadar ma magana ce mai zafi a can, kuma na fahimci dalili. Faidherbe ya gina makarantu da hanyoyi, ya kuma ƙona garuruwa ya kashe mutane a yaƙe-yaƙensa. Gunkinsa da ke dandalin tsibirin ya faɗi a 2017, daga baya aka ɗauke shi, aka sauya wa dandalin suna zuwa Baya Ndar. Ni da na taso ina jin sunan Shehu Umaru Futi da girmamawa a bakin malamaina, na taka gadar da nauyi a zuciya. Shi kansa Faidherbe bai ga ta ƙarfen ba, ya mutu a 1889. Hukuncin sunan na mutanen Ndar ne, su suka san abin da kakanninsu suka gani.

Duk tsawon binciken nan Kwara ce ke raina. Abin da ya sami Ndar ya sami Baro a jihar Neja. Turawan Ingila sun mayar da ita tashar da jirgin ruwa ke sauke kaya jirgin ƙasa ya ɗauka zuwa Kano, dogon ya isa Kano a 1911. Da aka haɗa shi da na Legas, aka gama gadar Jebba a 1916, kaya suka bi ƙasa tun daga teku, Baro ta yi sanyi. An ƙaddamar da sabuwar tasha a can a 2019, amma tasha ba ta kiran jirgi sai hanyar ruwa ta gyaru tun daga ƙasa. Mu na sama kuwa duwatsun Busa ne suka daɗe da raba mu da teku, wurin da Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yauri. Madatsar Kainji, da aka fara a 1964 aka gama a 1968, ta nutsar da waɗannan duwatsu, ta nutsar da tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, aka tashi mutum wajen 44,000, cikinsu har da Gungawa da Sarkawa da Kambari na ƙasarmu. A jikin madatsar an gina mashigar jirgi, wani ɗaki na ruwa da ake cikawa a ɗaga jirgi daga ƙasa zuwa tafki. Ita ce tamu gaɓar mai juyawa, alkawarin da aka yi wa kogi cewa ba a rufe shi ba. Ni dai tun tasowata ban ga jirgin kaya ya taso daga kudu ya bi ta nan ya sauke a Yauri ba.

Ba ina kira a kawo mana gada mai juyawa ba ne. Jiragenmu ba su da tsayin da zai buƙace ta, ƙasarmu kuma tana da filin gangara, gada kafaffiya mai tsayi ta ishe mu, kuma ba ta son mai da giris kullum. Abin da nake so masu zane su ɗauka daga Ndar shi ne tambayar da aka fara yi kafin a sa ƙarfe: me zai bi ta ƙarƙashi, yau da kuma bayan shekara 50? A Kwara wannan tambaya tana da wuya, saboda cikarmu biyu ce. Akwai farin ruwa na daminarmu, akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin hunturu lokacin da baƙo zai zaci kogi ya janye. Wanda ya zo ya auna sau ɗaya ya koma ofis zai yi kuskure, sarkin ruwa na kowane ƙauye kuwa zai nuna masa a jikin dutse inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Kuma kada wani ya ce kogin namu ya mutu kamar yadda cinikin ƙaro ya mutu. Ranar kasuwa ka je bakin ruwa ka ga buhunan albasa da shinkafa da busasshen kifi da babura da awaki ana lodawa. Mutanen tsallake ba su da wata hanya. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a ruwan Wara, ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka fita. Abubuwan da ke kawo irin wannan haɗari a ruwanmu su ne lodi fiye da kima, tsufan katako, kututturan itatuwan da tafki ya nutsar tun 1968 suna nan a ƙasa suna jira, rashin rigar ruwa, tafiyar dare. Titin da ke ɗaukar wannan yawan jama'a da a tudu yake, da an daɗe da sa masa alamomi da ma'aikata da kasafin gyara.

Da na gama tattara bayanin na koma wajen kawu da la'asar, na same shi a inda na bar shi. Ban yi dogon jawabi ba. Na kife turmin gidan, na ɗauki filafilinsa na ɗora a kai, na yi ta gusar da shi har ya daidaita ya daina karkata. Na ce ya taɓa bakin da yatsa ɗaya. Ya taɓa, filafilin ya juya a hankali ya miƙe. Ya mayar da shi, ya sake turawa, ya sunkuya ya duba inda itace ya haɗu da itace.

"Nan wurin shi ka ci," ya ce, yana nuna tsakiyar. "In ba a sa mai ba, nan za ta kama."

Sannan ya ƙwala wa jikansa kira ya zo da sauran yaran, ya ce ɗaya ya kawo ƙoƙo ya zama jirgi, biyu su tsaya baki da baki su zama masu jiran tsallakawa.